Tsofaffin gidajen silima ma tarihinmu ne

Duk ɗan kabu-kabun da ka tsayar a birnin Shehu ka ce masa Sakkwato Sinima za ka, ba zai nemi kwatance ba. Unguwa ce sananniya. Sai dai yawancin samarin da ke wannan sana'a an haife su ne bayan kaset ɗin bidiyo ya kashe kasuwar silima, ba su taɓa bin layin tikiti ba. Ra'ayina shi ne irin waɗannan gine-gine sun cancanci a adana su, kuma mutum ba ya buƙatar son fim kafin ya yarda da haka.

A fara da ginin kansa. Gidajen silimar Arewa, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, akasarinsu fili ne marar rufi, kewaye da doguwar katanga don kada na waje ya yi kallon kyauta. Allon ma bango ne, an yaɓe shi da siminti an shafa farin fenti. Masu ƙaramin tikiti suna kan benci a gaba, wuya a ɗage, masu hali kuma suna baya ƙarƙashin 'yar rumfar kwano. Can sama da su akwai ɗakin na'ura mai ƙananan tagogi, inda haske ke fitowa ya ratsa ta kan jama'a, ƙwari suna shawagi a cikinsa. Na'ura biyu ake ajiyewa, domin faifan fim ɗaya ba ya wuce kamar minti 20. Kafin ya ƙare mai aiki ya ɗaura na gaba a ɗaya na'urar, in ya yi saƙo-saƙo kuwa ya sha ihu da fito daga 'yan benci.

Rashin rufin nan ba talauci ba ne, sanin gari ne. A inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, damina kuma 'yan watanni ce, wa zai cusa ɗaruruwan mutane a rufaffen ɗaki? Sai rana ta faɗi ake fara nuni, iskar dare ta yi aikin fanka. Yau kuwa muna gina ɗakunan taro masu gilashi, waɗanda da an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kowa ke neman ƙofa yana fifita da takardar gayyata.

Na san abin da za a ce. Silima ba ta yi suna mai kyau a ƙasar Hausa ba. Iyaye sun ɗauke ta matattarar 'yan iska, macen kirki ba ta zuwa, yaron da aka gani a bakin ƙofarta kuwa ranar sai bulala. Da gobara ta cinye gidan silimar El Duniya a Kano a 1951, mutum 331 suka rasu, da yawa sun ce ishara ce. Lokacin da jihohin Arewa, har da tamu, suka ƙaddamar da shari'a wajen shekarar 2000, silima na cikin wuraren da aka sa wa ido. Ban raina wannan damuwa ba, kuma ba kira nake a dawo da fina-finan Indiya da na kaboyi ba. Ai wayar hannu ta riga ta kai su har ƙuryar ɗaki, inda babu mai tsaron ƙofa.

Amma adana gini daban, amincewa da abin da aka yi a cikinsa daban. Tarihin Sakkwato bai tsaya ga Hubbare da fadar Sarkin Musulmi ba. Akwai na leburori, direbobi da 'yan makaranta, na masu tsire da shayi da suka ci abinci a bakin silima. Ganuwar birnin nan ma mun bar ta ta zaizaye, sai sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya suka fi yawa a bakin mutane.

Gaskiya ne filin tsakiyar gari kuɗi ne, magada kuma suna da haƙƙin sayar da gadonsu a gina shaguna. Shi ya sa abin ke buƙatar hannun gwamnati. Ta sayi ko da guda ɗaya da ya rage a tsaye a jihar, ta gyara katanga da benci, ta ba da shi haya. Fili mai ɗaukar jama'a ba ya rasa aiki: wa'azin azumi, wasan kwaikwayon 'yan makaranta, dambe, har musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta assasa a 1986.

In hakan ya yi wa baitulmali nauyi, akwai aikin da bai kai kuɗin motar kwamishina ba. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ɗaliban tarihi na jami'a su auna gine-ginen, su ɗauki hotuna, su nemo tsofaffin tikiti da fastocin tallar fim. Su fara da masu sarrafa na'ura da masu sayar da tikiti, don wanda ya yi wannan aiki a shekarun 1970 yanzu ya doshi saba'in ko ya wuce.