Ba magani ba ce, cuta ce

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na je dubiyar wani yaron unguwarmu a asibiti nan cikin Katsina. Na ce yaro ne don a gabana ya tashi, amma magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Wallahi da ba a nuna mini gadonsa ba, da na wuce shi. Ciki ya kumbura kamar na mai wata tara, hannuwa sun koma kamar karan dawa, fararen idanunsa sun rine sun zama rawaya. Mahaifiyarsa na zaune kan tabarma tana yi masa fifita, ga kunu ya huce a kwano ba a taɓa ba. Ta ɗago ta ce mini, "Malam, a taya mu addu'a, jifa aka yi masa."

Da ta fita alwala, ya kama hannuna, muryarsa da kyar take fita, ya ce, "Baba, ba jifa ba ce. Da sunan maganin basir na fara."

Maganar nan ta hana ni barci. Ga su nan 'yan ledoji da ƙananan kwalabe ana sayarwa a ɓoye, wannan a ce na basir ne, wancan na sanyi, wani na gajiya ko ƙarfin maza, alhali barasa ce aka zuba wa ɗaci da kala. Yaron da zai ji kunyar shiga mashaya ba ya jin kunyar tsotsar leda, tunda an sauya mata suna. To, an riga mu yin tambayar ko giya za ta iya zama magani. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa don magani yake haɗa giya. Sai ya amsa masa: ba magani ba ce, cuta ce.

Ku dubi yadda take yi wa hanta. Duk giyar da aka sha, hanta ce ke ɗaukar nauyin tace mafi yawanta, kuma a wajen tacewar takan rikiɗe ta zama wani guba da ke ƙona hantar. Da farko kitse ya lulluɓe ta, sai kumburi, sai ta cika da tabo ta ƙanƙance ta yi tauri. Abin tsoron, hanta ba ta da ƙorafi. Mutum na zuwa kasuwa, yana hawa babur, shekara da shekaru bai ji komai ba. Ranar da shawara ta bayyana a ido, ruwa ya taru a ciki, ko aka fara aman jini, galibi ɓarna ta yi nisa. Ga mu kuma a ƙasar da mutane da yawa ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ta B ba su sani ba. In aka ɗora giya a kai, an zuba wa wuta fetur.

Bayan hanta, akwai hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, kansar baki da maƙogwaro da hanji, da raunin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 2.6. Allah Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma bai ce a rage ba, cewa Ya yi a nisance ta.

Ɗan uwana da ka san kana sha, ba tonon silili nake maka ba. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma hantar da ba ta kai ga tabo ba tana iya farfaɗowa in ka daina. In ka daɗe a ciki har hannunka na rawa da safe, ka je wurin likita ya taimaka maka ka bari, domin yankewa farat ɗaya kan jawo jijjiga mai haɗari. Ka nemi a gwada maka hanta a wannan makon.

Shi kuwa yaron namu yana nan kwance, jiya ma an zuƙe masa ruwa daga ciki. Ku sa shi a addu'a, shi da mahaifiyarsa.