Ramukan Stilfontein: wa ya haƙa, wa ya kwashe, wa ya bari a buɗe?

Har yau maganar nan ta Khumbudzo Ntshavheni, minista a fadar shugaban Afirka ta Kudu, ba ta bar kunnena ba. A watan Nuwamban 2024 aka tambaye ta ko gwamnati za ta kai ɗauki ga masu haƙar zinare ba da izini ba da ke ƙarƙashin ƙasa a tsofaffin ramukan garin Stilfontein, ta ce ba a taimakon masu laifi, hayaƙi za a banka musu su fito. Sai ka ce gafiya ake magana. Kowa ya ga yadda aka ƙare. 'Yan sanda suka tsare bakin ramuka, suka hana zura abinci da ruwa, sai a Janairun 2025, bayan an je kotu, aka sauke keji, wato akwatin ƙarfen da ake shiga rami da fita a cikinsa. Aka fito da mutum 246 da sauran numfashi, da gawa 78. Ko a wannan rana ma, 'yan sa-kai na unguwa ne suka shiga kejin suka sauka zurfin sama da kilomita 1 suna ɗauko 'yan uwansu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kaɗa kafaɗa suna cewa ai su suka kai kansu, baƙin haure ne, ɓarayin zinare ne. To, naji. Amma kafin a yanke hukunci, a gaya mini wanda ya haƙa ramin.

A 1886 ne aka gano jijiyar zinare a gonar Langlaagte, inda Johannesburg take a yau. Sunan George Harrison ake kira a kan ganowar, kuma an ce fam 10 ya sayar da rabonsa ya kama gabansa. Daga wannan tudu na Witwatersrand an fitar da zinare sama da tan 40,000. Sai dai zinaren wurin ba irin na rafi ba ne da mutum zai tace da ƙwarya. Ƙwayoyi ne ƙanana a cikin dutse mai tauri, can ƙasa, sai an farfasa tan guda na dutse a sami 'yan giram. Irin wannan haƙa ba ta riba sai da lebura mai arha, mai yawa, wanda ba shi da bakin magana. Don haka aka ɗora wa baƙar fata haraji na kuɗi, aka zo da dokar filaye ta 1913 aka matse su a ɗan yanki, domin dole mutum ya bar gona ya tafi rami. Hukumar ɗaukar lebura da ake kira Wenela ta baza wakilanta har Mozambik da Nyasaland, wato Malawi ta yau. Daga Lesotho ma tururuwa ake yi. Da hannu ya yi ƙaranci bayan yaƙin Ingila da Turawan Boer na Afirka ta Kudu, daga 1904 aka kwaso 'yan China sama da 60,000 a jirgin ruwa, zuwa 1910 aka mayar da su kamar kayan aro.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya dubi ranar mutum ɗaya daga cikinsu. Ya kwana a bariki, maza zalla, kan gadon siminti, an jera su hawa-hawa. Da asuba keji ya sauke shi cikin duhu da zafi. Ya durƙusa a wurin da ba a iya miƙewa tsaye, guduma a hannu ɗaya, ƙarfen huda dutse a ɗaya, ya yini yana bugu yana juyawa don a sami kafar cusa nakiya. Idan lokacin tashi ya yi bai kai zurfin da aka yanka masa ba, sai a miƙa masa tikitin da suka laƙaba wa suna tikitin malalaci, wato aikin ranar ya tafi a banza, ko sisi. Waɗanda aka kwaso daga ƙasashe masu zafi kuwa, sanyin tudu da ciwon haƙarƙari suka riƙa kashe su, har ta kai a 1913 gwamnati da kanta ta hana ɗauko lebura daga can arewa. Ka ji fa, gwamnatin da ba ta san tausayin baƙar fata ba ita ce ta ce abin ya isa.

Sannan ga ƙura. Ƙurar dutse ce mai kaifi da take shiga huhu ta daskare, tarin fuka ya biyo baya. Turawan Cornwall na Ingila da suka fara riƙe injin huda dutse ta cinye su tun da ƙuruciya, kuma saboda su ne aka kafa kwamitin bincike aka yi dokar diyya. Baƙin lebura kuma, da ya fara tari sai a sallame shi ya koma ƙauye, matarsa ta yi jinya, ya mutu inda littafin kamfani ba zai ƙirga shi ba. Da suka yi yajin aiki a Agustan 1946 suna neman sule goma a rana, da bindiga da kulki aka mayar da su rami. Sai a 2018 manyan kamfanoni shida suka yarda su biya rand biliyan 5, kuɗin Afirka ta Kudu, ga masu ciwon huhu, shi ma daga waɗanda suka yi aiki tun 1965 zuwa gaba. Na farko-farkon, masu guduma da tikitin malalaci, babu su a lissafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu a zo kan abin da suka bari, domin nan ne munafuncin yake. A kudancin Johannesburg akwai wurin shaƙatawa mai suna Gold Reef City, an gina shi a kan ramin lamba 14 na tsohon kamfanin Crown Mines. Ka biya kuɗin ƙofa, a sa maka hular kwano da fitila, a sauke ka ƙasa kaɗan ka ɗauki hoto. A narka zinare a gabanka ka yi tafi. A yi maka rawar takalmin roba, wadda leburorin rami suka ƙirƙiro. Har da lilon da ke jefa mutane cikin rami suna ihu don nishaɗi. Wannan shi ake kira kayan tarihi, ana masa fenti, ana tallarsa ga 'yan yawon buɗe ido.

Amma kufan da aka bari da gaske ai ba ya cikin shinge. Tsibin ƙasar nan ce mai ruwan ɗorawa da ta kewaye unguwannin Soweto da Riverlea, wadda iskar Agusta ke kwasowa ta zuba wa talaka a tukunya. Ruwan nan ne mai tsami da ke tasowa daga tsofaffin ramuka yana gurɓata rafuka. Ramuka ne da wuraren haƙa kusan 6,000 da gwamnati da bakinta ta ce ba su da mai su. Ba su da mai su! Wurin da aka shekara ɗari ana kwasar riba ana kaiwa Landan, ranar da jijiya ta ƙare sai ya zama maraya. Mu da muka ga yadda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, mun san cewa wanda ya sayi zinare ba ya zuwa jana'iza.

Kuma su wane ne a cikin ramin Stilfontein? Mafi yawansu 'yan Mozambik ne, sai Zimbabwe da Lesotho. Ƙasashen da aka shekara da shekaru ana zuwa har gida ana ɗibar mazajensu ke nan. A shekarun 1980 kusan mutum rabin miliyan ke aikin zinare a ƙasar, aka yi ta sallama har aka koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi. Ƙauyen da bai san wata sana'a ba sai rami, kaka ya shiga, uba ya shiga, me ake so jika ya yi? Jiya da takardar Wenela ya shigo, ana kiransa ma'aikaci. Yau babu takarda, sunansa zama-zama, mai gwada sa'a.

Za a ce akwai 'yan daba masu bindiga a ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai su, amma ban taɓa jin inda aka kama ɗan daba ta hanyar kashe waɗanda yake bautarwa da yunwa ba. Zinaren da ke fitowa daga ramukan nan ba a cikin rami ake narka shi a yi masa takarda a fitar da shi waje ba. Masu wannan aikin suna da ofis da lambar waya, kuma ban ji an hana su ruwan sha ba.

A bi sawun kamfanonin da suka gaji ribar, su toshe abin da suka buɗe da kuɗinsu. Inda sauran zinare yake kuma ƙasa ba ta da haɗari, a ba ƙananan mahaƙa lasisi su yi aiki da rana tsaka. Shi kuma samamen da 'yan sanda suka sa wa suna Vala Umgodi, ma'anarsa da harshen Zulu ita ce rufe rami. Shekara da shekaru ramin Stilfontein yana hangame babu wanda ya tuna da rufe shi, sai da mutane suka cika cikinsa.