Hawa babban tebur a poka ta intanet: a fara buga lissafi

Jama'a, akwai maganar da ke yawo tsakanin samarin da suka faɗa wasan karta na poka a waya, wai ba a ganin kuɗi sai an bar ƙananan tebura an hau manya. Tun farko in faɗa, poka caca ce, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya. Wanda wannan ya ishe shi ya huta. Amma da yawa sun riga sun yi nisa, kuma abin da ke riƙe da su shi ne sun yarda cewa wannan ƙwarewa ce, ba sa'a ba. To mu bi ta ƙofarsu, mu auna maganar da ma'aunin da ƙwararrun 'yan wasan da kansu suke aunawa.

Tebura a intanet hawa-hawa ne: NL2, NL5, NL10, NL25, NL50, NL100, har sama (NL na nufin wasan da ba a iyakance yawan zubi). Lambar ita ce dalolin da ake zama da su, kuma ninki 100 ne na babban zubin dole da ake sawa kafin a raba karta. A NL10 babban zubin santi 10 ne, a NL100 dala 1. Ribar ɗan wasa kuma ana ƙirga ta ne da yawan babban zubin da yake ci a kowane hannu 100 (hannu shi ne rabon karta ɗaya har a gama shi). Wanda yake cin zubi 5 a hannu 100 bayan an cire la'adar shafi, gwani ne na gaske, kuma irinsa kaɗan ne.

Yanzu duba abin da wannan gwanin yake samu a NL10. Zubi 5 santi 50 ke nan. In yana buga tebur huɗu a lokaci guda, yana yin wajen hannu 300 a awa, ribarsa dala ɗaya da rabi a awa, kafin kuɗin data da caji. Daga nan zuciya take fara raya masa cewa da a NL100 yake, da dala 15 ce. Wannan lissafin shi ne tarkon, domin ya ɗauka cewa zubi 5 ɗin nan zai bi shi sama, kuma ya ɗauka ya san cewa zubi 5 yake ci. Duka biyun ba su tabbata ba.

Mu fara da na biyun, domin shi ne mutane ba sa ganewa. A tebur mai mutum shida, hawa da saukar sakamako a kowane hannu 100 yakan kai wajen zubi 80 zuwa 100. Mu ɗauki 90. In mutum ya buga hannu 10,000, wanda a ganinsa wasa ne mai yawa, kuskuren da ke cikin adadin ribarsa na kowane hannu 100 zubi 9 ne sama ko ƙasa. Ma'ana, gwanin da ainihin ƙarfinsa zubi 5 ne, kusan sau uku cikin goma zai ƙare hannu 10,000 da asara. Wanda kuma a gaskiya faɗuwa yake yi da zubi 3, fiye da sau ɗaya cikin uku zai ƙare da riba, ya ɗauki hoton allo ya tura wa abokai. Sai an kai hannu 100,000 kuskuren yake sauka zuwa wajen zubi 3, kuma wannan sama da awa 300 ce ta zama a tebur huɗu. Duk wanda ya hau sama bayan mako biyu masu daɗi, sa'a ya auna, bai auna kansa ba.

Akwai hujja ɗaya ta masu son hawa da take da gaskiya, kuma adalci ne a faɗe ta. Shafukan suna yankar la'ada, galibi wajen kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka tara a tsakiya, amma da iyakar da ba ta wucewa. A ce iyakar dala 3 ce. A NL100 zubi 3 ke nan, a NL1000 ko rabin zubi bai kai ba. A ƙananan tebura da wuya kuɗin tsakiya ya kai iyakar, don haka kusan kowane hannu ana yankar cikakken kaso. Shi ya sa za ka ga mutum ya fi abokan wasansa iyawa amma kuɗinsa bai motsa ba, shafin ne ya cinye bambancin. Sai dai abin da aka rage maka na la'ada a sama, mutanen da ke zaune a can za su karɓe shi har da ƙari.

Domin su waye a can? A NL5 akwai mai kiran kowace karta, wato ya biya zubin da aka sa don ya ci gaba da wasa, don nishaɗi kawai. A NL100 yawancin kujerun na masu zama kullum ne, suna da manhajar da ke tara musu bayanan yadda kake wasa inda shafin ya yarda da ita, suna bitar hannuwansu da manhajojin warware wasa irin su PioSolver. Suna ninka maka zubi kafin a buɗe katunan tsakiya fiye da yadda ka saba, suna lura in kana yawan ajiye karta a zagayen ƙarshe, kuma da sun gano, ba za su bar ka ka numfasa ba. Ga kuma matsalar na'ura. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta doke ƙwararru a wasan mutum biyu, a 2019 Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. Shafukan sun haramta amfani da irin wannan taimako ana cikin wasa, suna kuma rufe asusun waɗanda suka kama, amma mai maguɗi inda kuɗi yake zai je, ba teburin santi 10 ba. Zubi 5 ɗinka na ƙasa zai iya komawa 1, ko ƙasa da sifili.

Sai batun jari. Ƙa'idar da 'yan wasan suka daɗe suna bi ita ce kada ka zauna a tebur sai kana da ninki 30 zuwa 50 na kuɗin zamansa, masu gasa kuma ninki 100 ko fiye, domin hawa da saukarsu ya fi tsanani. Ba haka kawai aka tsinci adadin ba. Mai cin zubi 3 a hannu 100, in jarinsa ninki 20 ne kuma ba ya sauka ƙasa, yiwuwar ya ƙare tas ta haura kashi 20 cikin 100. In ninki 50 ne, tana sauka zuwa ƙasa da kashi 3. Wannan fa ga mai cin riba ne. Wanda ba ya ci, ko ninki 500 gare shi, lokaci kawai ya saya. NL100 da ninki 40 dala 4,000 ke nan, miliyoyin naira, kuma sharaɗin shi ne kuɗin da ba na haya ba, ba na makaranta ba, ba jarin shagon wani ba, ba bashin manhajar lamuni ba. Samari nawa ne cikin masu wannan magana suka cika sharaɗin?

Waɗanda suka ɗauki abin sana'a ba sa ƙaura gaba ɗaya. Suna ware ninki 3 zuwa 5 na kuɗin zaman sabon teburin, hawa ɗaya tak sama da nasu, su rubuta tun kafin su zauna cewa in wannan ya ƙare sun koma ƙasa. Suna rage yawan tebura, su zaɓi lokacin da 'yan nishaɗi suka fi yawa. Inda abin yake lalacewa kusan wuri ɗaya ne: komawar. Mutumin da ya rasa dala 250 a NL50 yana ganin zai shekara bai maido ta a NL25 ba, sai ya tsallaka NL100 don ya rama cikin dare ɗaya. Ga tsoro ya shiga wasansa, yana ajiye kartar da ya kamata ya kira da ita domin yana lissafa zubin da naira, can kuma haushi ya ɗebe shi ya tura duka da kartar banza. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Kada a ce wannan ciwon ƙananan 'yan wasa ne. A ƙarshen 2009 wani matashi ɗan Suwidin, Viktor Blom, ya bayyana a shafin Full Tilt da sunan Isildur1, ya zauna da manyan duniya ya ci miliyoyin daloli cikin 'yan makonni. A watan Disamba na shekarar, a zama ɗaya, wani ƙwararren ɗan wasa, Brian Hastings, ya cinye masa sama da dala miliyan 4. Ba wanda ya ce Blom bai iya ba, jarinsa ne bai kai girman teburin ba. Labarin da ake tallata wa samari kuwa na Chris Moneymaker ne, wanda ya shiga ta ƙaramar gasar intanet ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Mutum 839 ne suka shiga gasar ta Las Vegas, sunan ɗaya ake maimaitawa.

Abu na ƙarshe da hawa yake jawowa shi ne dole ka ajiye kuɗi mai yawa a hannun shafin. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafukan poka uku, sai ta bayyana cewa Full Tilt ba shi da kuɗin biyan 'yan wasansa. Wasu sun jira shekaru kafin su ga kuɗinsu, su da suke da kotu da lauyoyi a kusa. Saurayin da ke Kano ko Maraɗi, yana wasa a shafin da aka yi wa rajista a wani tsibiri, ya tura kuɗi ta hannun dillalin kirifto, in aka rufe asusunsa ana neman takardun shaidar da ba su dace da sunan da ya buɗe da shi ba, saƙon imel kaɗai yake da shi.