Abin da Yaro Yake Faɗa wa Kansa, a Bakinmu Ya Ji Shi

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyaye da malaman Islamiyya, nasihar yau ta shafi harshenmu.

Yaro ɗan shekara shida ba ya tashi haka kawai ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ja. Ji ya yi an faɗa. "Daƙiƙi." "Kwakwalwar kifi." "Dubi ƙaninka har ya wuce ka." Ana yi ana maimaitawa, wata rana sai ka ji shi da bakinsa yana cewa "Ni ai ba na ganewa." Daga ranar ba ya buƙatar mai zaginsa, da kansa yake yi wa kansa.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nahl, aya ta 78, ya fitar da mu daga cikin iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan ya ba mu ji da gani da zukata. Ba a haifi kowa da karatu ba. Gwanin da ke jan baƙi a tafsirin Ramadan shi ma da babbaƙu ya fara, ya yi farfaru, ya wanke allo ya sake wankewa.

Ku dubi yarinya ta zo Lam Yakun. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san nan ne yara da yawa ke tsayawa, ayoyin sun fi na baya tsawo, wasu kuma suna kama da juna. Bayan magariba ta ɗauko allo, ta karanta ta sarƙe, ta koma ta sake sarƙewa a wuri ɗaya. Sai ta jingine allon ta ce, "Umma, ni ba zan iya ba." A nan uwa ke da zaɓi. Ko ta ce daga bakin murhu, "Dama na sani, ke kullum haka kike." Ko ta ajiye muciya ta matso ta ce, "A'a, ba ki iya ba tukuna. Jiya aya nawa kika riƙe? Yau fa? To ce: da wuya, amma da taimakon Allah zan iya." Ta sa ta faɗa da bakinta, ba sau ɗaya ba, har ya zama abin da yarinyar za ta riƙa faɗa ko uwar ba ta kusa.

Wannan ba daɗin baki ba ne. Nana A'isha (RA) ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa wanda ke karanta Alƙur'ani yana sarƙewa, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi. Mu kuwa bulala biyu muke ba shi. Yaron da ya san cewa sarƙewar tasa ma ana rubuta masa lada, ba zai ji kunyar komawa baya ya sake ba. A wani hadisin na Muslim, daga Abu Huraira (RA), Manzon Allah (SAW) ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Kalma uku ce da yaro zai iya haddacewa kafin ya gama cin tuwo.

Sai dai akwai wani kuskuren ta ɗaya gefen, wanda 'yan boko cikinmu suka fi faɗawa. Kullum "Kai haziƙi ne, babu kamarka." A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada 'yan aji biyar na firamare. Wasu aka yabe su da ƙwaƙwalwa, wasu aka yabe su da ƙoƙari. Waɗanda aka ce musu masu ƙwaƙwalwa ne sai suka fi zaɓar aiki mai sauƙi don kada sunan ya ɓaci, kuma da suka haɗu da mai wuya suka karaya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu suka fi jurewa. Saboda haka a yaba abin da yaro ya yi: "Na ga ka goge ka sake lissafin har ya fito, Allah ya yi maka albarka."

Dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da Abdullahi ɗan Umar yana matashi. Ya ce madalla da mutum Abdullahi, da ma yana sallar dare. Yabo ne, tare da nuna masa matakin gaba. Ɗansa Salim ya ce daga nan Abdullahi ba ya barcin dare sai kaɗan. Anas ɗan Malik kuma ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne muguwar addu'a cikin fushi. "Ba za ka taɓa yin albarka ba." A hadisin Jabir (RA) da Muslim ya fitar, an hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Ko da Allah ya kiyaye bai amsa ba, yaron ya ji, kuma ya ajiye.

Mu ma manya a kula da abin da muke faɗa a gabansu game da kanmu. Uban da ke cewa "Mu gidanmu ba a iya lissafi" ya riga ya ba ɗansa uzurin faɗuwa tun kafin a raba takardar jarrabawa. Idan wani abu ya gagare ka, bari yaro ya ji kana cewa "Bari in sake gwadawa, Bismillah." Kafin a buɗe littafi kuma a koya masa addu'ar Suratu Ɗaha, aya ta 114: Rabbi zidni ilma.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya buɗe musu ƙirji, ya tsare su daga sharrin harsunanmu. Amin.