Fitilar da ta tona mini asiri a gidan surukai

Na daɗe ina shan taba sigari a ɓoye ba tare da wani babba ya taɓa kama ni ba, domin kowane mashayi ya san yadda ake dunƙule kara a tafin hannu idan dattijo ya ɓullo. Da na ƙudiri aniyar dainawa, sai wani abokin aikina ya ba ni shawarar in bi ta kan sigarin lantarki tukuna. Na sayi wata 'yar ƙaramar na'ura mai ƙamshin mangwaro, irin wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya: da ka zuƙa za ta kunna kanta, wata fitila shuɗiya ta haska a gindinta, da ka saki kuma ta mutu.

Wata Juma'a cikin zafin watan Afrilu, na wuni da ita a aljihun gaba na farar rigata, wadda yadinta shara-shara ne, sannan bayan magariba na ɗauki iyali muka je gaida surukaina. Muna zaune a kan tabarma a tsakar gida, na sunkuyar da kai ina amsa tambayoyin Baba a kan aiki da tsadar masara, sai aka ɗauke wuta. Kafin a lalubo tocila, ƙirjina ya kama da shuɗin haske.

Ban zuƙa ba, ban ma taɓa ta ba. Hasken ya tsaya cak kamar daƙiƙa goma, aljihun ya ɗauki ɗumi, na ji wata 'yar ƙara kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya, sannan fitilar ta shiga ƙyaftawa. Na dafe wurin da hannu kamar mai rantsuwa, hasken kuwa ya riƙa fitowa ta tsakanin yatsuna.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, lafiya ƙirjin naka yake walƙiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba, waya ce."

Abin takaici, wayar tana ɗaya hannun nawa, kuma kowa yana ganinta. Inna, Allah ya saka mata da alheri, ta yi ƙoƙarin kawar da zancen, ta ce ita dai ƙamshin mangwaro take ji, ko mun zo da tsaraba ne aka manta da ita a mota.

A nan ne ƙanin matata, wanda yake gyaran waya a kasuwar Farm Centre kuma bai taɓa barin damar tsokanata ta wuce ba, ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, kawo in duba maka, kada ta ƙone maka riga." Ya zare ta daga aljihuna, ya ɗaga ta sama, ya buɗe aji.

Ya bayyana wa jama'a cewa a cikin gindin na'urar akwai wani ɗan ƙaramin abu mai kama da makirufon waya, wanda aikinsa shi ne jin motsin iska. Idan mutum ya zuƙa, iskar da ke ciki takan ja wani siririn faifai, shi kuma ya ba batir umarni ya ɗumama zaren ƙarfen da ke mayar da ruwan da ke cikin na'urar ya zama tururi, ya kuma kunna fitila a lokaci guda. Ya ce zafin rana ne ya tsinka ruwan ya gangara ya jiƙa faifan, shi ya sa na'urar take zaton ana zuƙarta, kuma ƙyaftawar nan alama ce ta cewa ta katse wutar da kanta don kada ta yi zafi fiye da kima. Har tarihi sai da ya kawo: wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro ta a 2003, kuma na farko-farko jar fitila aka sa musu a baki don su yi kama da garwashin taba, kafin wasu kamfanoni su koma shuɗiya don kada a ɗauka tabar gaske ce.

Bayaninsa daidai ne, ban kuma taɓa jin ingantaccen ilimi ya zo a lokacin da ba a bukatarsa kamar wannan ba. Kalmar taba kuwa ya nanata ta yadda ko maƙwabta sun ji.

Baba ya yi shiru, sannan ya tambaya ko ta wane ne. Ina shirin ɗora wa abokin aikina, sai ɗana ɗan shekara huɗu ya ce, "Ta Abba ce, ita yake busawa a bayan tankin ruwa."

Matata ta tashi ta shige ɗaki, wai za ta nemo ashana. Baba ya karɓi na'urar, ya jujjuya ta, ita kuma ta sake kamawa a hannunsa. Ya miƙe tsaye ya ce, "To, Malam, zancen mangwaro sai gobe da safe, ka zo kai kaɗai. Yanzu dai tunda tana da haske, riƙe ta nan in nemo takalmina, an kusa kiran isha'i."