Gwiwa a ƙasa ba ita ce gwaninta ba

Yawancin waɗanda suka fara shiga filin tsere da babur burinsu ɗaya ne: a ɗauke su hoto sun kwanta a kwana, gwiwa na gogar kwalta. Mutum zai fito daga zagaye, bai ko tambayi lokacin da ya yi ba, sai ka ga ya sunkuya yana duba robar gwiwarsa ko ta ci. Wani kuma gefen taya zai shafa ya ga ko ya cinye ta har baki. Na san wasu za su ce na cika tsauri, amma a ganina kallon kitse ake wa rogo. Gwiwa ma'auni ce, tana gaya wa mahayi iya inda ya kwanta. Ba ta ƙara gudu, ba ta juya babur.

Kwanciyar da kwana ke bukata ba son ran mahayi ba ce. Abu biyu ne ke yanke ta: gudun da ka shiga da shi, da faɗin kwanar. Idan ka kwanta digiri 45, ƙarfin da ke jan ka waje ya yi daidai da nauyinka da na babur. A digiri 60 ya kai wajen ninki 1.7. Kuma in ka ninka gudu sau biyu a kwana guda, ƙarfin da taya za ta riƙe ninkuwa yake sau huɗu. Duk wannan nauyi yana kan ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai kai tafin hannu ba. Mahayan MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, suna haura digiri 60, gaskiya ne, amma da taya maras zane da aka gasa a bargon lantarki kafin ta taka kwalta.

To me ya sa suke zamewa daga kan kujera su rataya ta ciki? Don babur ya rage kwanciya ne. Idan ka mayar da nauyin jikinka ta cikin kwana, babur zai iya ɗan miƙewa alhali gudun bai ragu ba. Miƙewar nan kuwa riba ce: taya ta sami wuri mai kyau ta kama, shokoba ta sami damar shanye gargada, matakin ƙafa da salansa ba sa kartar ƙasa. Wanda ya fahimci wannan zai ga abin dariya a wurin mai miƙa gwiwa kamar yana neman abin da ya faɗi, kansa da ƙirjinsa suna tsakiyar tanki, ya danna babur ƙasa fiye da yadda gudunsa ke bukata. Ya ci bashin taya ne a banza.

Salon ma ba don ado aka fara shi ba. Jarno Saarinen ɗan Finlan, wanda ya taso da tseren kan ƙanƙara ya kuma ci kambun duniya na ajin babura masu injin 250cc a 1972, yana cikin waɗanda suka fara rataya jiki haka. Kenny Roberts na Amurka, da ya fito daga tseren turɓaya, ya ɗauki salon ya faɗaɗa, har yana naɗa wa gwiwar rigarsa salatif saboda kwalta na cinye fatar. Ya ci kambun ajin 500cc sau uku a jere, 1978 zuwa 1980. Mutanen nan gudu suke nema, gwiwar ta biyo baya.

Abin da ke juya babur a gudu shi ne hannu, kuma ta hanyar da hankali bai saba da ita ba. Kana so ka yi hagu, sai ka tura hannun hagu gaba. Tayar gaba ta ɗan kauce dama na ƙiftawar ido, ƙasan babur ya fice daga ƙarƙashinka, sai ya faɗa hagu. Duk mai hawa babur yana yin haka ko bai sani ba. Bambancin ɗan tsere shi ne ya san yana yi, yana kuma zaɓar wurin da zai yi, da ƙarfin da zai sa. Turi ɗaya, mai tsabta, sannan ya saki kafaɗa. Mai ƙanƙame kan babur da tsoro, hannu a sandare, shi ne babur ke ƙi masa juyawa, ya ce ai taya ce ba ta da kyau.

Sai ido. Babur yana bin inda ka kalla, wannan ba camfi ba ne. Ka shiga kwana da ɗan wuce gona da iri, tsoro ya sa ka kafa ido a kan tsakuwar gefe, to can za ka. Gwani tun yana taka birki idonsa na kan cibiyar kwana, wato inda zai fi matsowa gefen ciki, kafin ya isa cibiyar kuma idon ya riga ya tafi mafita.

Inda na fi ganin an raba gwani da ɗan koyo shi ne sakin birki. Kama birki kowa zai iya. A filin tseren Mugello na Italiya, inda mahayin MotoGP Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa a 2023, kowane mahayi yana matse birki da iya ƙarfinsa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar. Amma ka lura da yatsunsu bayan nan. Ba sa sakewa gaba ɗaya su juya. Suna shiga kwanar da sauran birki a hannu, suna sassautawa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda babur ke kwantawa. Dalili kuwa, kamun taya ƙayyadadde ne: abin da ka kashe a birki ba ka da shi don kwanciya. Ragowar birkin nan yana danne gaban babur, tayar gaba ta manne, babur ya juya cikin sauƙi. Ka sake shi farat ɗaya, gaba ya ɗago, babur ya buɗe ya nufi waje. Ka riƙe shi da yawa kana kwance, tayar gaba ta zame, kai da babur ku tafi kuna jan ƙasa.

Wannan faɗuwar ma ita ce mai sauƙi. Mummunar tana zuwa ne wajen fita, idan mutum ya murza totur da zari alhali babur na kwance. Tayar baya ta sulɓe gefe, ya firgita ya saki wuta, ta sake kama kwalta kwatsam, sai babur ya yi wurgi da shi sama. Jorge Lorenzo ya sha irinta a Shanghai a 2008 lokacin gwaji, ya ji rauni a idon sawunsa biyu. Ba banza ba aka wajabta riga mai jakar iska a MotoGP daga 2018. Ƙa'idar dai ita ce, ana ƙara wuta ne daidai da yadda ake ɗago babur, kuma in an fara murzawa ba a komawa baya.

Na san za a kawo mini Marc Márquez na MotoGP, mai kwantawa har gwiwar hannu ta taɓa ƙasa, wanda sau da yawa tayar gaba ta kuɓuce masa ya tokare da gwiwa ya ɗago babur. Haka ne, kuma abin kallo ne. Sai dai shi ya riga ya ƙure duk abin da taya za ta iya bayarwa kafin jikinsa ya kai ƙasa. Kwaikwayon siffarsa ba tare da gudunsa ba wahala ce kawai.

Ko su ɗin ma taya ce ke mulkinsu. Filin Sachsenring na Jamus kwana 13 gare shi, 10 hagu, 3 dama. Mahayi zai daɗe yana kwance ta hagu, kwana bayan kwana, gefen dama na tayar yana hucewa, sai ga kwana ta 11, ta dama, mai gudu, a kan gangara. Manyan gwanaye sun sha zubewa a nan. Shi ya sa ake kai musu taya mai roba iri biyu, mai tauri a hagu, mai laushi a dama. In wanda ke cin abinci da wannan sana'a yana tsoron gefen taya mai sanyi, ban ga dalilin da zai sa mai zagayen farko da safe ya fita yana neman gwiwa ba. A titin jama'a kuwa ba ma maganar da za a yi: yashi, man da ya zube, mota ta gaba, kuma babu filin zamewa.

In tsere na gaba ya zo aka nuna kyamarar da ke kan babur, ku bar kallon gwiwa ku dubi hannun dama. Ku ƙirga tsakanin lokacin da yatsu suka bar birki da lokacin da wuyan hannu ya fara murza totur. A wurin na gaba-gaba kusan babu tazara.