Latinon Teksas ba gida ɗaya suka kwana ba

Duk sa'ad da zaɓen Amurka ya ƙarato, sai ka ji masu sharhi suna cewa "ƙuri'ar Latino ta wane ce", sai ka ce mutanen nan shawara ɗaya suke yankewa. Ni dai wannan lissafin bai taɓa gamsar da ni ba, kuma jihar Teksas kaɗai ta isa hujja.

A ƙidayar 2020, Latino, wato masu asali daga Meksiko da sauran ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, sun kai wajen kashi 39 cikin 100 na mutanen jihar. Amma Teksas gundumomi 254 gare ta, kuma da ka shiga su ɗaya bayan ɗaya sai adadin ya watse. A gundumar Starr da ke kudu, bakin kogin Rio Grande a iyakar Meksiko, sun haura kashi 97. A Webb, inda birnin Laredo yake, wajen kashi 95 ne. Ka nausa gabas kuwa, can dazukan da ke iyaka da Louisiana, akwai gundumomin da ko kashi 5 ba su kai ba, don yankin auduga da katako ne da Turawan jihohin kudu na ƙasar Amurka suka cika, tare da bayin da suka zo da su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake yi wa na kudu kallon baƙin haure. An kafa Laredo a 1755, lokacin babu ma ƙasar da ake kira Amurka. Sai a yarjejeniyar 1848, bayan yaƙin Amurka da Meksiko, kogin ya tabbata iyaka. Shi ya sa suke cewa su ba su tsallaka iyaka ba, iyaka ce ta tsallake su. Duk wanda ke da dangi a Katsina da Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A Houston labarin daban ne. Gundumar Harris, inda birnin yake, tana da Latino kusan miliyan 2, amma ba su kai rabin mutanenta ba, kuma cikinsu akwai 'yan Salvador da Honduras da yawa. Can arewa kuma, a gundumar Deaf Smith, garin Hereford na kewaye da garken shanun kiwo, warin kashinsu na tarbar ka tun daga hanya. Aikin kiwo da mahauta ne ya tara mutane, har Latino suka zarce kashi 70.

To, mai yankan nama a arewa, da magini a Houston, da wanda kakanninsa suka shekara 200 a bakin kogi, me ya haɗa buƙatunsu? Na bakin kogin nan da yawa aikin tsaron iyaka suke yi, wasu a rijiyoyin mai da iskar gas. A zaɓen shugaban ƙasa na 2016 Hillary Clinton ta jam'iyyar Democrat ta lashe Starr da tazarar kusan kashi 60. A 2020 tazarar Biden ta dawo kashi 5. A 2024 Trump ya ɗauke gundumar, karo na farko da ɗan Republican ya yi haka cikin fiye da shekara 100.